Idan Abinci Ya Zama Magani, Mene Ne Hukuncinsa?

  

Ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, abin da ya jawo maganarmu ta yau wata tambaya ce da wani magidanci ya yi mini a Ƙaura Namoda, bayan an tashi daga karatun tsakanin Magariba da Lisha. Mutumin nan asalinsa daga wani ƙauye ne na ƙasar Zurmi, rashin zaman lafiya ya koro shi da iyalinsa, ya zo ya raɓa a gidan wani ɗan'uwansa. Yana da yaro ɗan wata 14 wanda ya daɗe yana zawo, ya rame, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa kuwa suka kumbura. Ya ce ya karɓo rubutu, ya yi turare, ya sayi ƙwayoyi a kemis, har allura an yi, duk a banza. Da ya kai shi asibiti sai wata ma'aikaciyar jinya ta zagaya wani ɗan tsiri mai launi uku a damtsen yaron, ta ce masa tamowa ce, maganinta kuwa abinci. Ya ce da ni, "Malam, maganar nan ta yi mini zafi. Ni na kai ɗana a ba shi magani, sai a ce mini abinci? Watau ana nufin ba na ciyar da iyalina ke nan? Kuma ai cuta da sauƙi duk na Allah ne."

Na ga kunya a fuskarsa fiye da fushi, kuma ban ga laifinsa ba, domin babu abin da ya fi ciwo ga Bahaushe kamar a nuna ya kasa riƙe gidansa. Amma tambayar tasa ta fi ƙarfinsa shi kaɗai. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, tare da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara, ta auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara 5 a wurare 21 na ƙasashen Shinkafi da Zurmi. Aka tarar kashi 27 cikin ɗari suna fama da ƙarancin abinci mai gina jiki, kashi 5 cikin ɗari kuwa tasu ta tsananta. Watau in ka tara yara huɗu a ƙofar gida, ɗaya daga cikinsu yana cikin wannan hali. Wannan fa a ƙasar fadamun Gagare da Bunsuru ne, ƙasar gero da dawa da wake da gyaɗa, wadda kasuwarta ta Shinkafi ta daɗe tana tara fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya. Kowa ya san dalili: manomi ba ya iya zuwa gonarsa ta nesa sai ya biya 'yan bindiga, in ya noma ba ya girbi sai ya sake biya, shanun da ake tatsa an kore su, hanyar asibiti kuwa ta zama abin tsoro.

To, bari mu fara da ƙarshen maganarsa, wadda ya ce cuta da sauƙi na Allah ne. Wannan gaskiya ce, babu Musulmin da zai yi jayayya da ita. Har ma malamai sun yi saɓani a kan hukuncin neman magani. Da yawa daga cikinsu sun ce halal ne ko abin so, ba su kai shi ga wajibi ba, suna kafa hujja da labarin matar nan mai farfaɗiya wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba ta zaɓi tsakanin ya yi mata addu'ar waraka ko ta yi haƙuri ta sami Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Amma a duba dalilin da suka bayar. Sun ce magani zato ne: ana sha a warke, ana sha a ƙi warkewa, ana kuma warkewa ba a sha ba. Abin da yake zato ba a tilasta wa mutum shi. Shi ya sa waɗansu suka ƙara da cewa, in an tabbata maganin yana aiki kuma barinsa halaka ne, to ya wajaba.

Abinci kuwa ba haka yake ba a wurinsu. Allah ya gudanar da al'adarsa a kan cewa jiki ba ya tsayuwa sai da ci da sha, wannan yaƙini ne. Saboda haka ne Alƙur'ani, a inda ya haramta mushe da jini da naman alade a cikin Suratul Baƙara, ya ɗauke laifi daga wanda larura ta matsa. Mafi yawan malamai kuwa ba su tsaya a kan halacci ba, sun ce wanda yunwa za ta kashe tilas ne ya ci, in ya ƙi har ya mutu ya yi saɓo. Ba wanda ya taɓa kiran wannan tawakkali. Yanzu sai mu tambayi kanmu: cutar da maganinta shi ne abinci, a wane babi za mu saka ta? A babin magani da ake da zaɓi a cikinsa, ko a babin ci da sha da babu zaɓi? Ni dai abin da na fahimta, Allah shi ne mafi sani, ta faɗa babi na biyu. Daɗin daɗawa, matar nan ta zaɓi haƙuri ne a kan jikinta, tana baliga mai hankali. Ɗan wata 14 bai zaɓi komai ba, kuma waliyyinsa ba shi da ikon ya zaɓar masa haƙurin da zai kai shi kabari.

Mai karatu zai ce, ai yaron yana cin abinci, ba a hana shi tuwo ba. Nan ne inda ake ruɗuwa, kuma nan ne inda mahaifin yaron ya ji an ci masa fuska alhali ba a ci ba. Ƙoshi daban, gina jiki daban. Cikin yaro ƙarami ne, in aka cika shi da tsinkakken koko ko tuwon dawa da miyar da ba mai ba wake, zai yi shiru ya yi barci, amma abin da jiki ke bukata don ya yi tsoka da jini bai samu ba. Sa'an nan cuta ta shigo, ƙyanda ko zawo ko zazzaɓin sauro. Cutar ta kashe masa sha'awar abinci, hanjinsa ya kasa tsotse ɗan abin da ya ci, ya ƙara ramewa. Ramar kuma ta karya garkuwar jikinsa, wata cutar ta sake samun ƙofa. Haka za a yi ta zagayawa har abin da ba zai kayar da yaro mai ƙarfi ba ya tafi da wannan. Allurar da aka yi masa tana iya kashe ƙwayar cuta, amma ba ta mayar da tsokar da ta zube. Hausawa sun riga sun faɗa, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wanda yake son ya ga ƙarshen wannan hanya sai ya je Sakkwato, asibitin da aka buɗe a 1999 domin cutar da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba, wata cuta ce da ke farawa daga dasashi ta cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta cika kama kowa ba sai yaron da yunwa da ƙyanda suka riga suka raunana.

Ba wai kakanninmu ba su lura da wannan ba ne. Sun lura cewa yaron da aka yaye da gaggawa domin uwarsa ta sami ciki yakan lalace, sai suka ce ya sha ciki, suka ɗora laifin a kan nonon. Abin mamaki, mutanen Ga na ƙasar Gana su ma haka suka gani, suka sa wa ciwon suna kwashiyoko, watau ciwon yaron da ƙaninsa ya ture. Wata likita mai suna Cicely Williams, da ta yi aiki a can cikin shekarun 1930, ita ce ta bayyana wa duniyar likitoci cewa abin da ke kashe yaran nan shi ne raba su da nono a mayar da su kan kunun masara zalla. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Rashinsa, ba tare da an musanya shi da abin da ya kai shi ba, shi ne gubar.

Wannan ya kawo mu ga wani abu da nake ganin malamai muna da hannu a ciki, ko da ta hanyar yin shiru ne. Iliminmu na abinci a lokacin rashin lafiya kusan duk hani ne. Ka shiga ɗakin majiyyaci, kowace tsohuwa da abin da za ta hana: kada a ba mai zawo ruwa da yawa, kada a ba mai ƙyanda mai ko nama, kada a ba yaro ƙwai don kada ya yi sata, a tatse dakashi a zubar domin wai ƙazanta ne. Alhali dakashin nan, watau nonon farko mai kauri, shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri, mai zawo kuwa abin da ke kashe shi shi ne ƙarewar ruwan jiki. Har akan kafa hujja da wata magana da ake cewa hadisi ce, mai nuna ciki shi ne gidan cuta, kame baki kuma shi ne kan magani. Ibnul Ƙayyim ya bayyana a cikin Zadul Ma'ad cewa wannan ba maganar Annabi ba ce, ta Harisu ɗan Kalada ce, likitan Larabawa mutumin Ɗa'ifa. Magana ce mai hikima a wurinta. Wurinta kuwa shi ne gidan mai wadata wanda likita ya ce masa ciwon sukari ko hawan jini ya kama shi, ya rage zaƙi da gishiri da kitse, shi kuwa ya ce rai na Allah ne, ya ci gaba da abin da ya saba. Wannan ma yana ganganci da amanar jikinsa, kuma wata rana za mu keɓe masa fili. Amma ɗauko maganar Harisu a ɗora ta a kan yaron da ƙasusuwan haƙarƙarinsa ke ƙirguwa, wannan sa abu ne a inda ba muhallinsa ba.

Sunna kuwa ba ta tsaya a kan hani ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Ummul Munzir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga gidanta tare da Sayyidina Aliyu, Allah ya yarda da shi, a lokacin Aliyu yana farfaɗowa daga jinya. Akwai dabino a rataye, Annabi ya ci, Aliyu ya miƙa hannu, sai ya tsayar da shi domin bai gama murmurewa ba. Mutane da yawa a nan suke tsayar da labarin. Amma matar ta tashi ta dafa sha'ir da wani ganye, sai Annabi ya umarci Aliyu ya ci wannan domin shi ya fi dacewa da shi. An hana shi abu guda, nan take aka ba shi wani. Haka kuma Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, takan sa a dama wa majiyyaci da mai baƙin cikin mutuwa talbina, wani kunu ne mai laushi na garin sha'ir, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Abin sha'awa, likitocin yau a kan wannan tsari suke tafiya. Yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa har ya daina cin abinci ba a dumfarar sa da abinci mai nauyi, domin zuciyarsa da hanjinsa ba za su ɗauka ba. Ana kwantar da shi a fara da wata madara marar ƙarfi, kaɗan kaɗan, dare da rana, sai ya farfaɗo a ƙara masa mai ƙarfi.

A duba kuma yadda shari'a ta ɗauki abincin jariri da nauyi har ta sassauta rukuni guda na Musulunci dominsa. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya san mai ciki in ta ji tsoro ga abin da ke cikinta ta sha azumi, mai shayarwa ma in ta ji wa ɗanta tsoro kuma ba ta sami mai shayar mata ba, ko yaron ya ƙi karɓar wata, ta sha. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, likitoci kuma suka ce wata 6 na farko nono zalla, ba ko ruwa, bayan nan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara biyu. Amma sau nawa muka ji an yi wa'azin wannan a watan Ramalana? Mace na shayarwa, ita kanta ba ta ƙoshi ba, tana azumi cikin zafin bazara domin tana jin kunyar a gan ta tana ci, miji kuwa bai ce mata komai ba.

To, yanzu ga babbar tambaya. Mun ce ciyar da yaron nan wajibi ne. A kan wa? A mazhabarmu ta Malikiyya ciyar da 'ya'ya a kan uba yake, gwargwadon halinsa. Amma uban da aka raba da gonarsa da rumbunsa fa? Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ya iyawa. Sai dai wajibin ba ya faɗuwa don uba ya gaza, tashi yake yi ya koma kan baitulmali da sauran Musulmi masu hali. Akwai wata mas'ala a cikin Muhtasar na Shehu Halilu, a babin yanka, wadda ake karantawa a zaurukanmu a wuce kamar ba da mu ake ba. Ya lissafa waɗanda lamuni ke hawa kansu saboda abin da suka bari ba su yi ba, ya sa a cikinsu wanda ya hana zaren da za a ɗinke wa mai rauni cikinsa, da wanda yake da rarar abinci ko abin sha ya hana wanda larura ta kama har ya halaka. A lura da kyau: ya jera zaren ɗinki da abinci a wuri guda, watau kayan jinya da kayan ci hukuncinsu ɗaya ne idan rai ya rataya a kansu. Ya kuma ce mai abincin yana da kuɗinsa in mabukacin yana da shi. In ba shi da shi, bayarwa dai tilas ce. Wannan ba sadakar ganin dama ba ce da mutum zai yi a yabe shi. Jihar Zamfara ita ce ta fara shelar aiki da shari'a a 1999, kuma wannan babi ma shari'a ne, daidai da babin haddi. Sayyidina Umaru a shekarar fari ta 18 bayan Hijira ya haramta wa kansa man shanu da nama har jama'a su samu, ya kuma dakatar da yanke hannun wanda yunwa ta sa ya yi sata. Mai sayen hatsi da kaka ya kulle a sito yana jiran tsadar damina, a garin da ake auna damtsen yara tsirin yana nuna ja, ya kamata ya nemi malami ya karanta masa wannan mas'ala.

Ja ɗin nan kuwa ma'anarsa kaurin damtsen yaro bai kai santimita 11 da rabi ba. Irin wannan yaro, in yana iya ci, akan ba uwarsa waɗansu 'yan ƙunshi na abincin tamowa ta tafi da su gida. Ko mai karatu ya san abin da ke ciki? Gyaɗa ce niƙaƙƙiya da garin madara da sukari da mai da sinadaran ƙarin lafiya. Wani likita Bafaranshe, Andre Briend, da abokin aikinsa suka haɗa shi a 1996, aka sa masa suna Plumpy'Nut, kuma a yunwar Nijar ta 2005 ya yi suna, sa'ad da MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Ni kam duk lokacin da na ga ƙunshin nan sai in tuna tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda. Tun 1929 dogo ya iso garin, ba don komai ba sai don a kwashi gyaɗa da auduga zuwa bakin teku. Gyaɗar da kakanninmu suka loda wa jirgi ita ce ta komo mana a ƙunshi da sunan magani, muna bin layi muna jira. Kuma a 2025 da Amurka da waɗansu ƙasashe suka janye tallafi mai yawa, mun ga abin da ke cikin dogara da hannun wani. Ba ina cewa a bar ƙunshin ba ne, yaron da ya kai ja lalle sai da shi da kulawar asibiti. Amma abin da ke hana yaro kaiwa can yana cikin kasuwarmu: kunun gero da aka sa wa gyaɗa ko garin waken suya, wake, zogale, kuka, ɗan manja, ƙwai guda, garin busasshen kifi, a ba shi sau huɗu ko biyar a yini a kwanonsa shi kaɗai, kada a haɗa shi da yayyensa masu saurin hannu. Wanda kuwa ya karkatar da ƙunshin nan ya kai kasuwa, ko babban da ya saya yana lasa don daɗi, ya sani maganin majiyyaci ya ci.

Da na gaya wa magidancin nan wannan magana ta ƙarshe, sai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Malam, akwai saura. An ce ƙunshin na yaron ne shi kaɗai. Amma yayyensa uku suna zaune suna kallo, tun safe ba su sa komai a baki ba. Uwarsu takan raba musu." Na daɗe ban ce komai ba. In ta raba, mai ciwon ba zai warke ba, domin an ƙidaya ƙunshin ne bisa nauyinsa. In ta hana, wace uwa ce za ta iya? Ban sami hukuncin da zan ɗora wa matar nan ba, kuma ban ga dacewar in neme shi ba alhali ga mu nan a masallaci sahu sahu, kowa zai koma gida ya tarar da tuwo. Bayan Lisha na tsayar da liman da dattawan unguwa, aka yanke cewa kowace Juma'a za a tara gero da wake da gyaɗa daga gidajen da ke da hali, a kai wa gidan nan da waɗansu biyu irinsa, domin ƙunshin ya tsaya a bakin mai shi. Aka kuma ce da mutumin ya mayar da yaron asibiti ran da aka ce ya koma, ko da ya ga kumburin ya saɓe.